Cinikin biri a sama da muke kira kyauta

Shagona ɗan ƙarami ne, a bayan babbar kasuwar Garwa. Ina buga wa mutane takardu a kwamfuta, ina fotokofi, ina cika wa ɗalibai takardun jarrabawa ta intanet, in kuma waya ta rikice wa mutum ta ciki sai a ce ya kawo mini. Na haura shekara goma a kan wannan kujera, kuma babu kalmar da ta fi yawo a bakin masu shigowa kamar "kyauta". Sa mini wancan, ai kyauta ne. Sauke mini wannan, an ce ba a biyan ko dala. Ni ma na daɗe ina faɗar haka, har ranar da wata Hajiya ta yi mini tambayar da ta hana ni sake faɗa.

Turaren wuta da humra take sayarwa daga cikin gida, wayarta ce rumfarta. Ta shigo da azahar, cikin zafin nan na watan Afrilu da ke sa kwalta laushi, ta ajiye wayar a kan tebur.

"Ɗana, duba mini abin nan. Jiya da magariba na sa forfe na sefa 500. Hoton turare uku kawai na ɗora, na amsa wa mutum biyu. Yau da hantsi aka ce wai mega ya ƙare."

Na buɗe wurin da waya ke lissafin abin da kowace manhaja ta sha. Cinikin Hajiya bai ci ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Wadda ta fi kowa sha wata manhajar tocila ce, alhali wayar da tocilarta ta fito daga kamfani. Sai wani wasan jera 'ya'yan itace da jikanta ya sa. Duk buɗewa sai sun nuna bidiyon talla, ko ba a buɗe su ba suna can a ɓoye suna aikawa suna karɓa.

"Ai yaron ce mini ya yi kyauta ne."

"Saukewar ce kyauta, Hajiya. Amma tallan da suke nuna miki, a kan meganki yake hawowa."

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Wato ni ke biyan kuɗin motar mai talla, ya zo har ɗakina ya yi mini talla?"

Na ce haka ne. Kuma tun daga ranar nake ganin matsalarmu ta farko suna ce. Mun laƙa wa abu sunan da ba nasa ba.

Mu mun san kyauta. Kyauta tana da mai ita, ka san fuskarsa, ka san dalilinsa. In an aiko maka da ita ka ba ɗan aike tukuici, in hidimar mai kyautar ta taso ka san abin da ya hau kanka. Bikin da mata ke yi wa juna ma ana riƙe lissafinsa, kowacce ta san abin da za ta mayar. Ko kyautar da ke da igiya a wuya, igiyar a fili take. Abin da ke cikin wayoyinmu wani abu ne daban. Ciniki ne cikakke, da abin da ka karɓa da abin da ka bayar, sai dai gefe ɗaya ne kawai ya san farashi. A zaure, da muka kai babin ciniki, malam ya nanata mana cewa ba a sayar da kifi yana cikin ruwa, ko tsuntsu yana sama, domin dole mai saye da mai sayarwa su san abin da suke musaya. Ba fatawa nake bayarwa ba, ban kai can ba. Ina dai cewa hankalin da ke hana mu cinikin biri a sama a kasuwar Pitowa, shi muke tuɓewa a bakin ƙofa duk sanda muka danna "na amince" a ƙarƙashin dogon rubutun Faransanci ko Ingilishi da ba wanda ya karanta.

Ɗan kasuwa in ya ga maƙwabcinsa na raba haja ba kuɗi, kuma kullum shagonsa ƙara faɗi yake, zai so ya san ta ina ribar ke shigowa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga dala biliyan 134.9 a shekarar 2023, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kusan kashi 98 cikin 100 na wannan kuɗi daga talla ya fito. A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kimanin dala biliyan 19, lokacin da ma'aikatan WhatsApp ba su kai mutum sittin ba. Wannan kuɗi ba na gini ba ne ko na injuna. Kuɗin taron jama'ar da ke ciki ne, da lambobinsu, da sabon da suka yi da wurin. Da can WhatsApp na karɓar dala ɗaya a shekara, a 2016 aka soke, kowa ya yi murna. A watan Yunin 2025 Meta ya sanar da cewa talla zai shiga sashen status. Ruwa ba ya tsami banza. Mai kiwon ragon layya ma dusa da harawa yake zubawa safe da yamma, bai taɓa neman ko sisi a wurin ragon ba.

Kada a ce na yi ƙari. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika wa, kamfanin ba ya karanta abin da ke ciki. Amma dillali ba sai ya ji hirarka ba. Ya ishe shi ya san lambarka, irin wayarka, yankin da kake, lokacin da kake hawa da tsawon zamanka, da ƙungiyoyin da kake ciki. A Facebook da TikTok da YouTube kuwa har abin da ya tsayar da yatsanka ana ƙirgawa. Dillalin shanun da ya san wannan duka a kanka ya riga ya san nawa zai taya. Namu na kara aƙalla la'adarsa sananniya ce, a gaban shaidu ake damƙa masa.

Nauyin nan kuma ba daidai yake sauka a kan kowa ba, shi ne ke ci mini rai. Mutumin Faransa yana biyan kuɗin wata, intanet ɗin gidansa ba ya ƙarewa, talla ɓata masa rai kawai yake yi. Mu nan awo muke saye, kamar man zuwa-zuwa a kwalba: na sefa 100, na 250, na 500. Kowane bidiyon da ya kunna kansa, kowace manhajar da ta sabunta kanta da dare, daga cikin kwalbar nan take zuƙa. Maƙwabtanmu na Cadi sun fi mu ɗanɗana tsadar ma. Araha kuma 'yar ɗakin kyauta ce. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka bayyana cewa sun gano muguwar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, wadda ta zo tun daga kwali, a ƙasashen da suka haɗa da Kamaru, Gana, Habasha, Masar da Afirka ta Kudu. Aikinta ta yi wa mai waya rajistar hidimomin biya ba da saninsa ba, tana cin kiredi da mega. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ce wani daga cikin masu kawo masa kaya ne ya cusa ta, ya kuma fitar da gyara. Wanda aka cinye wa kiredi a Gidar ko Figil dai bai san an yi wannan bayani ba. Shi dai ya zagi rezo ya sake sa wani.

Kuɗin mega aƙalla kana ganin fitarsa. Wanda ba ka gani shi ne ya fi tsada.

Akwai manhajar da kusan kowane Musulmi mai babbar waya ya taɓa gani, Muslim Pro, mai kiran salla da nuna alƙibla da Alƙur'ani a ciki. Zuwa 2020 an sauke ta kusan sau miliyan 100 a duniya. Don ta nuna maka alƙibla da lokacin salla dole ta san inda kake, wannan hujja ce mai kyau, ba wanda zai yi gardama. A watan Nuwamban 2020 'yan jaridar Motherboard suka bankaɗo cewa bayanan wuraren da masu amfani da ita suke suna tafiya hannun wani kamfani mai suna X-Mode, wanda sana'arsa sayen irin waɗannan bayanai da sayar da su, kuma cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa soja da wani abu, suka ce sun yanke hulɗa da kamfanin. A farkon 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta haramta wa X-Mode sayar da bayanan wurare masu sarƙaƙiya irin su wuraren ibada da asibitoci. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Bawan Allah ya sauke abu don kada asuba ta wuce shi, ashe sawunsa daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwa ya zama haja, dillali na miƙa wa dillali.

In na ba da wannan labari a shago, amsar da nake samu guda ce: "To ni me nake da shi da zan ɓoye? Talaka ne ni." Ban yarda da wannan magana ba, kuma na san mai faɗinta ma bai yarda da ita ba a rayuwarsa ta zahiri. A ƙasar nan, inda masu garkuwa da mutane suka addabi makiyaya daga Mayo Rey har Adamawa, wa ke shelanta ranar da ya sayar da shanu? Wa ke faɗa wa baƙo hanyar da yake bi in ya taso daga kasuwa? Mace mai ciki ma ɓoyewa take har sai ya fito da kansa. Ba cewa nake ɓarayin daji na sayen bayanai a wurin kamfanonin Amurka ba. Cewa nake mu mutane ne da suka san darajar sirri tun kafin a ƙera waya, muna kiransa sutura, muna roƙon Allah ya rufa mana asiri a kowace addu'a. Abin da ba za ka faɗa wa maƙwabcin da kuka yi shekara ashirin tare ba, bai kamata manhajar tocila ta same shi da dannawa ɗaya ba.

Sannan ba naka kaɗai kake bayarwa ba. In manhaja ta nemi izinin shiga lambobin wayarka ka ba ta, lambar matarka ka bayar, da ta ƙanwarka, da ta malaminka, da ta surukinka, kuma ba wanda ka tambaya a cikinsu. Amana ce suka ba ka. Manhajojin ba da rance sun nuna mana ƙarshen wannan hanya. A Najeriya an sha ganin yadda in mutum ya makara da biya suke bin lambobin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, suna aika wa dangi da abokan aiki cewa wane ɓarawo ne. Abin ya yi muni har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. Rancen kuɗi kaɗan ne, jinginar kuwa mutuncinka ne da na duk wanda ya yarda da kai.

Akwai wani Alhaji, babban ɗan kasuwar albasa, da ke loda motoci zuwa Yawunde da Duwala. Bai yi boko ba, amma lissafin da ke kansa ya fi na kwamfutata. Duk cinikinsa da saƙon murya yake yi a wani dandalin hira: direba, dillali, mai sito, masu saye a kudu, kowa na ciki. Wata safiya wani ya kira shi da Hausa mai kyau, ya ce daga ƙungiyar 'yan albasa ne, za a yi taro ta waya, an turo masa lamba shida ta shiga taron, ya karanto. Ya karanto. Kafin azahar an fitar da shi daga asusunsa, ɓarawon ya zauna a ciki da hotonsa da sunansa, yana aika wa mutane cewa mota ta lalace a hanyar Ngaundere, a taimaka a turo kuɗi ta waya, gobe zai mayar. Mutum biyu suka tura.

Ya shigo shagona da babbar riga, gumi na zuba, bai ko zauna ba.

"Malam, ina ofishin mutanen nan yake? In Yawunde ne, yau zan kama hanyar Ngaundere in shiga jirgin ƙasa."

"Baba Alhaji, zauna ka sha ruwa tukuna. Ba su da ofishin da za ka je."

"To Duwala?"

"Babu, ranka ya daɗe. Sai dai mu rubuta musu."

Ya dube ni kamar na faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma gaskiyarsa. Mutumin da ya saba in an cuce shi ya san ƙofar sarkin kasuwa, ya san ta lawan, ya san ta alƙali, yau an ƙwace masa rumfa sukutum, an ce babu ƙofar da zai buga. Muka rubuta da Faransanci, inji ya amsa mana da Faransanci. Mako guda cif kafin asusun ya dawo hannunsa, a tsakiyar kakar albasa.

Za a ce laifinsa ne da ya ba da lambar, ko laifin ɓarawo. Haka ne. Amma dubi abin da ya biyo baya, domin a nan farashin kyauta ya fito fili. Wanda ya biya kuɗi yana da bakin magana. A watan Afrilun 2023 'yan Kamaru suka gaji da tsada da rashin ingancin layukan waya, suka shiga sa wayoyinsu a "mode avion", wato yanke su daga layi gaba ɗaya, daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu. Gwamnati ta kira kamfanonin, daga baya hukumar ART mai kula da harkar sadarwa ta ci tarar kamfanoni huɗu jimillar sefa biliyan 6. Ko ba a gyara komai yadda muke so ba, an ji mu, domin mu abokan ciniki ne, kamfanonin kuma suna da gini da ma'aikata da lasisi a ƙasar nan. A wurin mai ba ka kyauta kuwa, abokin cinikinsa shi ne mai biyan kuɗin talla. Kai ɗan cin arziki ne, ɗan cin arziki kuma ba ya cewa miya ba gishiri.

Mun gina rumfuna a filin da ba namu ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, a nan daga bayan la'asar har dare ya yi nisa. Na ga 'yan kasuwa sun rasa yadda za su yi, domin wasu abokan cinikinsu ko lambarsu ba su taɓa kira kai tsaye ba. Google ma ya yi shekaru yana cewa a zuba hotuna a rumbunsa ba iyaka, sai ranar 1 ga Yunin 2021 ya ce daga yau akwai iyaka, gigabait 15 ne rabonka, har da wasiƙunka a ciki. Bayan kayanka sun cika rumbu aka ce ka fara biyan haya, da katin bankin da yawancinmu ba mu da shi. A Cadi abin ya zo ta wata fuska. Daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, gwamnati ta toshe shafukan sada zumunta. Mutanen Njamena suka koma VPN, manhajar da ke zagaye toshiyar hanya, don su ji daga 'yan uwansu, kuma wanda ba shi da kuɗi na kyauta zai nema. VPN kuwa duk abin da kake yi ta cikin gidansa yake bi. Facebook da kansa ya taɓa mallakar wani VPN na kyauta mai suna Onavo, wanda ya saya a 2013, yana leƙen irin manhajojin da mutane ke amfani da su ta cikinsa, har aka cire shi daga kantin Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. Wanda ya guje wa mai toshe hanya sai ya faɗa hannun mai leƙen kaya.

Ba butulci zan yi ba. Na san abin da saƙon murya ya yi wa iyayenmu da ba su yi boko ba. Gwaggona da ke Kuseri tana jin muryar jikokinta duk Juma'a, da can sai an samu mai tafiya a ba shi saƙo. Hajiyar turare tana ciyar da marayu da wayar nan ba tare da ta fita daga gida ba. Ɗalibin da babu ɗakin karatu a garinsu yana koyon lissafi a YouTube. Duk wanda ya ce a jefar da wayoyi bai zauna inda nake zaune ba. Amma amfanin abu ba ya halatta a ɓoye farashinsa. Maganin asibiti ma da amfaninsa, kuma ana rubuta kuɗinsa da illarsa.

Faransanci ya yi mana wani taimako a nan, domin ya raba kalmomi biyu da Ingilishi ya cakuɗa: gratuit, abin da ba a biya, da libre, abin da ke da 'yanci. Akwai manhajojin da aka gina a kan na biyun. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, a bisa ƙa'idar cewa kowa na iya buɗe cikin manhaja ya ga abin da take yi, ya gyara, ya raba wa wasu. Android ɗin da ke wayarka a kan Linux aka ɗora shi. VLC da muke kallon bidiyo da shi ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniyoyi ta Faris, kuma har yau ba ya nuna talla. Waɗannan su ne suka fi kusa da abin da Bahaushe zai kira kyauta, ko ma sadaka mai gudana.

Su ma ba banza suke zuwa ba, wani ne ke biya da guminsa. Kamar rijiyar unguwa ce: kowa na ɗiba, ranar yasa kuwa mutum biyu za ka gani. A 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin wani babban kaso na shafukan intanet na duniya. Sai a lokacin duniya ta san cewa mutane 'yan ƙalilan ne ke riƙe da ita, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali manyan kamfanoni na cin biliyoyi a kanta. A watan Maris na 2024 aka sake ganin irinsa a wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Mutum ɗaya ne ke kula da ita, ya gaji, sai wani ya yi kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya samu amincewa, sannan ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura kwamfutarsa na ɗan jinkiri, ya bi diddigi ya tono abin kafin ya bazu.

Ni kaina sai da na ƙone kafin na koma wajen waɗannan. Shekaru da dama manhajojin sata nake sawa a kwamfutocin shago, irin waɗanda aka fasa aka zuba a intanet, kamar yadda kusan kowane mai irin sana'ata ke yi. Wata rana na sauke ɗaya, ashe da ƙwayar cuta a cikinta. Ta kulle duk abin da ke kwamfutar, har da kundin kammala karatun wata ɗalibar jami'a da na yi mako uku ina buga mata, saura kwana biyar ta miƙa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, yanzu ya zan yi?" Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu muka yi muna sake bugawa daga rubutun hannunta, ina rufe shago ƙarfe ɗaya na dare in wuta ta bari. Daga nan na koma LibreOffice, manhajar buga takardu mai 'yanci. Shi ma ya ci mini makonni na koyo, kuma har yau wani lokaci takarda kan ɗan karkace in an buɗe ta a wata kwamfutar. Amma wannan farashi ne da na gani da idona kafin na ɗauka.

Akwai kuma masu biyan da ba mu taɓa gani ba. Hotunan yanka da fyaɗe da ba sa isowa wayarka, mutum ne ya kalle su ya cire. A 2022 mujallar Time ta ruwaito cewa masu yi wa Facebook wannan aiki a Nairobi, ta hannun kamfanin Sama, wasunsu dala ɗaya da rabi suke samu a awa. Daga baya fiye da 180 daga cikinsu suka kai ƙara kotu a Kenya. 'Yan Afirka ne irinmu, lafiyar ƙwaƙwalwarsu na cikin kuɗin wannan kyauta. Lokacin yaranmu ma na ciki. Shafin da ba shi da ƙarshe, in ka ja sai wani bidiyo ya hau, da gangan aka ƙera shi haka, domin zamanka shi ne abin da ake sayarwa. Tambayi duk telan da ke da yaran koyo.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun nuna ana iya taka wa kamfanonin nan birki. Hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Najeriya, nan kusa da mu, hukumar kare masu saye ta ci shi tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024. Cadi na da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru kuma ta samu tata a watan Disamban 2024. Na yi farin ciki da ita, amma dokar da ke zaune a Yawunde cikin Faransanci da Ingilishi ba ta san Alhajin albasa ba, shi ma bai san ta ba. Ina son a ce akwai ƙofa a Garwa da Marwa da Ngaundere da mutum zai buga in an ƙwace masa asusu ko an watsa bayanansa, a saurare shi da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Duk kamfanin da ke cin riba da miliyoyin mutanen ƙasa, a tilasta masa ya ajiye wakilin da za a iya kira ya amsa. Gidajen rediyonmu su riƙa bayanin abin da "na amince" ke nufi kamar yadda suke bayanin rigakafi da farashin auduga, limamai su taɓa batun amanar lambobin mutane a huɗuba. Makarantun gwamnati kuma su koya wa yara manhajoji masu 'yanci, maimakon a horar da su a kan kwafin sata tun daga aji ɗaya na lise.

Kafin wannan ya samu, abin da nake yi a shago kaɗan ne. Duk wayar da aka kawo mini, ina buɗe wa mai ita jerin izinin da ya bayar mu karanta tare, in tambaye shi ko tocila na da buƙatar sanin lambar matarsa. Ina kashe bidiyon da ke kunna kansa. Ina sa wa mutum lambar sirri ta biyu, in ce masa lamba shidan nan ko ni na tambaye shi kada ya faɗa. Hajiyar turare yanzu forfenta na 500 na kai mata kwana biyu, wani lokaci uku.

Alhaji kuwa ya sayi babban littafin rubutu, ya sa jikansa ya kwafe masa lambobin abokan cinikinsa kaf, gari-gari. Mutum biyun da suka tura wa ɓarawo kuɗi, ɗaya sefa 50,000 ɗaya 25,000, babu wanda ya nemi ya biya su, su da kansu suka ce ƙaddara ce a bar ta. Bai yarda ba. Ya ce da sunansa aka roƙa, kuma don sunansa suka bayar. Ya zo shagona na taya shi turawa daga wayarsa, har da kuɗin cirewa a kai.